Motarka ta fara shan mai? Kafin a taɓa nozul, bi ta nan

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ƙorafin da ake kawo mana gareji ya sauya. A da mutum kan zo ne da ƙara a ƙafar mota ko giya mai fizga. Yanzu kafin a gama gaisawa sai ka ji, "Oga, motar nan wallahi shan mai take yi." Kuma yawanci tun daga gida ya yanke hukunci: a wanke nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji, a sa sabon fulogi. Ni a Kano nake gyaran motocin fetur. A zamanin kafireto na koyi aiki, yau kuma da kwamfuta nake duba mota, kuma a wurina nozul ne na ƙarshe a layin waɗanda ake tuhuma. Mafi yawan shan man da nake gani ya samo asali ne daga abin da aka cire wa mota, ko aka tsinke mata, da sunan gyara.

Fara da awo

"Na dubu biyar ba ya kai ni ko'ina" ba awo ba ne, Alhaji. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, dubu biyar tana ba ka lita 25 da ɗoriya. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan dubu biyar ɗin ko lita biyar ba ta cikawa. Allurar mai ma ba abin dogaro ba ce, don tanki ba a miƙe yake ba. A motoci da yawa allura kan daɗe a sama, in ta wuce rabi sai ta gangaro da sauri.

Ga yadda ake yi. Ka je gidan man da ka yarda da shi, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa. Kada ka ce a ƙara, kada a jijjiga motar. Danna ɗan maɓallin lissafin tafiya da ke jikin maleji ya koma sifiri. Yi harkokinka yadda ka saba har mai ya sauka ƙasa da rabi, sannan ka koma wannan gidan man, in da hali wannan famfon, a sake cikawa har ya tsaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Raba kilomitar da ka yi da ita. In ka yi kilomita 360 aka zuba lita 40, motarka tana yin kilomita 9 a kowace lita.

Abu guda ke rikita mutane a nan. Motar da aka shigo da ita daga Amurka mil take ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Sai mutum ya ga 225 a maleji ya ɗaga hankalinsa, alhali kilomita 360 ya yi. Haka nan wanda ya sa wa mota taya mai tsayi fiye da nata na asali, malejinsa zai riƙa nuna ƙasa da abin da ya tafi.

To da me za ka kwatanta? Corolla mai injin 1.8, ƙirar 2003 zuwa 2008, a awon hukuma a Amurka tana yin kimanin kilomita 11 a lita cikin gari, kusan 15 a babbar hanya. Camry mai 2.4 wajen 9 cikin gari, Sienna mai silinda shida wajen 7. Wannan awon ba a gosulon Kantin Kwari aka yi shi ba, ba kuma a zafin Afrilu ba. Saboda haka in Corollarka ta ba ka 9 cikin Kano da esi a kunne, ni ba zan kira ta mara lafiya ba. In ta ba ka 6, akwai magana. Mai Sienna kuma da yake son ta sha mai irin na Corolla, gyaransa ba a gareji yake ba.

Mafi kyau ka yi awo biyu, ɗaya na cikin gari, ɗaya na tafiya, misali Kano zuwa Zariya ka dawo. In a hanya lafiya lau take, cikin gari ne kawai take sha, laifin ya fi karkata ga cunkoso, gajerun tafiye-tafiye da ƙafarka. In ko'ina sha take, sai a buɗe bonet. Kuma in mota ba hannu ɗaya ke tuƙa ta ba, ga direba, ga samarin gida, to ka yi awon a makon da makulli bai bar aljihunka ba. Ban ce komai ba.

Abin da za ka duba da kanka, ko sisi ba ka kashe ba

Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar. Nemi fitila mai siffar inji, wadda muke kira cek. Dole ta kama, in mota ta tashi kuma ta mutu. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ta ko an liƙe ta da baƙin salatif daga ciki. Ana yi wa motocin da za a sayar, wasu kuma mai motar ne da kansa ya ce a kashe masa ita don tana damun idonsa. Motar tana iya shekara tana ƙorafi ba mai ji.

Sai taya. Iskar da ta dace da motarka a rubuce take a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa iska daidai tana iya rage shan mai har kashi 3 cikin ɗari. Ba yawa ba ne, amma kyauta ne. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ka sayi naka gejin, don na masu faci da yawa ya sha faɗuwa ƙasa. Kada kuma ka biye wa masu cewa a bunƙara ta zuwa 50 don mota ta yi sauƙi. Tsakiyar tayar zai cinye, birki ya rage kamu, ga kwalta mai zafi. In gefe ɗaya na taya ne ke cinyewa, ko sitiyari na ja gefe, a kai ta saitin ƙafa.

Birki mai kamawa shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Bayan ka yi tafiyar minti goma ba ka taka birki sosai ba, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, kusa kawai, kada ka taɓa. In ɗaya ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, ko kana jin ƙaurin ƙuna, wannan ƙafar a riƙe take. A ɗaga ta da jak a juya da hannu, ya kamata ta juya sakayau. Ƙura da tsatsa kan cije fistin ɗin birki ko sandunan da yake zamewa a kai, wayar birkin hannu ma kan maƙale. Mai irin wannan motar kullum da birki a take yake tafiya bai sani ba.

Masu otomatik na da, ku duba dashbod ko akwai rubutun O/D OFF a kunne. Ɗan maɓalli ne a jikin sandar giya, yaro ma na iya danna shi. In yana kunne, motar ba za ta shiga giyar ƙarshe ba. A gudun 100, Corolla mai giya huɗu ya kamata allurar juyin inji ta zauna tsakanin 2,500 da 3,000. In ka gan ta tana neman 4,000, ba ta shiga ba.

Daga nan ka buɗe but. Ma'aikatar da na ambata ta ce duk ƙarin kilo 45 yana cin kusan kashi 1 cikin ɗari. Buhun shinkafa guda ke nan. Kariyar ɗora kaya ta saman mota ta fi wannan ɓarna a babbar hanya, ko babu komai a kanta, don iska take tarewa. In ba ka amfani da ita a kwance ta. Ka kuma shinshina. Warin fetur a inda mota ta kwana, ko jiƙa a ƙarƙashin tanki, ba batun tattali ba ne kawai, gobara ce ke jira. A gyara a ranar.

Tamostat da fankar dairek

A nan zan daɗe, don a nan kuɗin mutane ke ƙonewa.

Mota ta shigo daga Kwatano, sai a ce wa mai ita, "Alhaji, wannan abin na ƙasar sanyi ne, nan zafi gare mu." A zare tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Mai mota ya ga allurar zafi a kwance can ƙasa, ransa ya yi fari, ya ce yanzu motar ta huta.

Injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki da zafi, ruwansa wajen digiri 85 zuwa 100. Tamostat ƙofa ce a kan hanyar ruwa. In inji na da sanyi sai ta rufe, ruwa ya riƙa zagaye cikin inji kaɗai har ya ɗumama. A Toyota da yawa tana fara buɗewa ne a digiri 82, sannan ruwa ya wuce lagireto. Akwai kuma sensa da ke faɗa wa birenbos, wato kwamfutar motar da ke lissafin mai, zafin ruwan a kowane lokaci. Fetur ba ya tururi sosai a inji mai sanyi, don haka muddin sensar ta ce da sanyi, birenbos zai riƙa ƙara mai, ya kuma ɗaga silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba. Duk mai janareta ya san cok: ka ja shi don ya tashi, ya tashi ka mayar. In ka manta shi a ja, sai hayaƙi da shan mai. Motar da ba ta da tamostat, a safiyar hunturu ko a babbar hanya inda iska ke dukan lagireto, tafiya take da cok a ja.

Ba a nan ya tsaya ba. Motocin otomatik da yawa ba sa yarda su shiga giyar ƙarshe sai ruwa ya kai wani zafi. Man da ya yi yawa kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara cikin kwanon baƙin mai ya tsinka shi, ringin fistin ya riƙa cinyewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A wasu injinan ma tamostat ce ke toshe wata gajerar hanyar ruwa in ta buɗe, in babu ita sai wani ruwan ya riƙa zagaye bai bi ta lagireto ba, motar da aka cire wa don kada ta yi zafi ta koma yin zafi a gosulo.

Yadda za ka gane: tayar da mota da safe, esi a kashe. In fanka ta kama nan take, an yi mata dairek, ko an zare wayar sensa. Ka hau hanya. Cikin minti biyar zuwa goma ya kamata allurar zafi ta hau kusa da tsakiya ta tsaya cak, ko gudu kake ko kana tsaye. In tana hawa a gosulo, in ka samu hanya ta sauko ƙasa, babu tamostat ko ta maƙale a buɗe. A kwamfuta lambar da ke fitowa ita ce P0128.

Gyaran shi ne a mayar da ita, a mayar da fanka kan tsarinta. Amma da sharaɗi. Ka tambayi kanka me ya sa aka cire tun farko. Sau da yawa motar ta yi zafi ne don lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse, ko murfinsa ya daina riƙe matsi, ko rile ɗin fanka ya mutu, ko famfon ruwa ya cinye. In ka mayar da tamostat ba ka gyara waɗannan ba, za ta yi zafi, a ce ai ga shi an faɗa maka. A wanke lagireto ko a canza shi, a sa sabon murfi, a zuba ruwan kulan na gaske, a fitar da iskar da ta shiga, a tsaya a ga fanka ta kama da kanta ta kuma mutu da kanta kafin ka bar gareji. Tamostat ɗin a nemo mai lambar zafi daidai da ta motar, a rubuce take a jikinta. A Ƙofar Ruwa ana samu, 'yan Kaduna kuma sun san hanyar Panteka. Murfin lagireto dai ba a buɗe shi da zafi, wannan ko yaron gareji na jiya ya sani.

Sensar ruwan ita ma kan yi ƙarya. Gwajinta mai sauƙi ne: a sa kwamfuta da safe kafin a tayar da mota, a duba zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga. Tunda motar ta kwana, ya kamata su yi kusan daidai. In iska ta ce 25 ruwa ya ce 5, ka kama ɓarawonka.

A sa mata kwamfuta, amma a karanta

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari. Abin da ba na so shi ne a sa, a goge lambobi, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi. Gogewa ba gyara ba ce. Ka ce a rubuta maka lambobin a takarda kafin a goge, kuma a nuna maka alkaluman da ke motsi yayin da inji ke aiki.

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya, a nauyi. Mai lura da wannan ita ce sensar iskar oksijin da ke ɗaure a jikin salansa kusa da inji. Tana shinshina hayaƙi ta faɗa wa birenbos ya ƙara ko ya rage. A kwamfuta akwai lambar da ke nuna yawan ƙari ko ragin da yake yi. In tana yawo tsakanin ƙarin 10 da ragin 10 cikin ɗari, lafiya. In ta kai ƙarin 20, wani abu na sa shi ɗura mai. P0171 na nufin yana ganin iska ta yi yawa, P0172 mai ya yi yawa.

In sensar ta mutu ko aka tsinke wayarta, birenbos sai ya koma lissafin makanta, kuma lissafin makanta a wurinsa ƙarin mai ne. Daga cikin abubuwan da ke sa shan mai ya yi tsalle farat ɗaya, wannan na gaba-gaba. Amma kafin ka saya, a duba salansa daga bakin inji zuwa wurin sensar. Ƙaramar ɓula ko gasket da ya ƙone a nan yana zuƙo iskar waje, sensa ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan, birenbos ya yi ta ƙarawa. Walda ce maganinsa. In kuma sayen ya zama dole, a saya da lambar da ke jikin tsohuwar. Sensar nan akwai ta gaba, kusa da inji, akwai ta baya, bayan matatar hayaƙi, kuma Toyota da Honda na baya-bayan nan suna amfani da wata irin sensa a gaba wadda aikinta ya bambanta da ta baya, ko da zaren ɗaurinsu ɗaya ne. An sha yanke waya a haɗa ta baya a gaba, fitila ba ta mutu ba, shan mai bai ragu ba.

Batun indomi kuwa, matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, ana fasa ta ne saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su falatinam. Mutane na cewa da an cire shi ke nan mota ta zama mashayiya. A gaskiya sensar gaba ce ke riƙe da lissafin mai, ta baya aikinta mafi girma sa ido kan indomin, shi ya sa P0420 ke fitowa. Ɓarnar tana zuwa ne daga yadda ake cirewa: a bar ɓula, a fasa sensa, a tsinke waya, sannan fitilar cek ta zauna a kunne kullum, in wata sabuwar matsala ta zo ba za ka sani ba. Indomin da ya toshe shi kam yana shaƙe mota, ka taka totur ba ta tafiya. Sai dai ba ya toshewa haka kawai. Ɗanyen mai ne daga injin da ke misin, wato wata silinda ba ta ƙona mai, ke narkar da shi. In fitilar cek tana ƙiftawa maimakon ta tsaya, abin da ke faruwa ke nan a wannan lokacin, ka rage gudu ka nemi gareji.

Iyakilina, fulogi, baƙin mai

Iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, in ta toshe da ƙurar hunturu tana sa motar kafireto shan mai sosai. A motar injekta kuwa, wato mai nozul, birenbos na auna iskar da ta shiga ya ba da mai daidai da ita, don haka ƙarfi ne ya fi raguwa. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2009 ya nuna haka. Haɗarin a wurinmu daban ne. Yaro ya zare ta ya hura da iskar kwamfureso har takardar ta yage, ko a sa ta ba ta zauna a gidanta ba. Ƙura ta wuce ta lulluɓe siririyar wayar da ke cikin sensar auna iska, wadda ke bayan gidan iyakilina, lissafi ya karkace. Ɗaga iyakilina ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ko ka ga huda, canza ta. Sensar kuma da nata maganin feshi na musamman ake wanke ta. Ba a sa mata fetur, ba a taɓa wayar da tsinke ko burushi, a bar ta ta bushe kafin a mayar.

Fulogi, in an kwance, ka karɓa ka duba bakinsa da idonka. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, inji na ƙona mai daidai. Baƙi ƙirin a bushe, mai ya yi yawa, kuma sabon fulogi ma haka zai koma in ba a gano dalili ba. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawa. In guda ɗaya ne ya bambanta da 'yan'uwansa, matsalar ta wannan silindar ce: koyil ɗinta ko nozul ɗinta. Fulogin iridiyam na gaske yana kai kilomita 100,000, amma jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Na ga an zare na asali da ya zo da mota, lafiyarsa ƙalau, an sa jabu da sunan sabis. In an ba ka iridiyam a kuɗin fulogin acaɓa, ka san araha ba ta ado.

Baƙin mai, duba murfin da ake zuba shi, galibi a rubuce yake: 5W-30, ko 0W-20 a sababbin Toyota da Honda. Mu kuma mun saba da 20W-50 tun zamanin Fijo 504. Mai kauri yana sa inji wahalar juyawa, ƙarin shan kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ne, amma a injin da ke da VVT-i, tsarin Toyota mai sauya lokacin buɗe bawul, yana iya jinkirta aikin saitin bawul. Tsohon inji da ya riga ya buɗe, wannan hukuncinsa daban, sai an gani.

Yanzu ne za a zo kan nozul. Alamar wanda ke ɗiga: mota ta yi zafi, ka kashe ta minti ashirin, ka dawo ta yi ta kik kafin ta tashi, da warin ɗanyen mai. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka shinshina, in kana jin fetur ko ka ga ya ƙaru da kansa, shi ne. A kai shi inda ake ɗora su a na'ura a ga feshin kowanne da yawan abin da ya zubar. Haɗa shi da batir ana fesa masa magani a bakin titi ba ya nuna maka wanda ke ɗiga.

Man da kansa ma a yi masa tambaya. Ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba, mai metanol fiye da kima. Metanol ƙarfinsa a lita kusan rabin na fetur ne, ga cin roba. Man bumburutu a galan kuwa ba ka san da me aka haɗa shi ba, ba ka kuma san ko galan ɗin ya cika lita huɗu ba. In shan man ya fara ne bayan ka sha a wani sabon wuri, ƙarar da shi ka koma inda ka saba ka sake awo kafin ka kwance komai.

Ƙafar direba

Motar injekta ba ta buƙatar ɗumi na minti goma da safe. Minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, sai ka tafi a hankali, a tafiya ta fi saurin ɗumama. Mota a silo tana shan lita ɗaya zuwa biyu a awa gwargwadon girman inji da esi. Hajiya ta shiga Kasuwar Sabon Gari, direba ya kwantar da kujera ya kunna esi awa biyu, maleji bai motsa ba, mai ya tafi. Gajerun tafiye-tafiye ma haka: kai yara makaranta kilomita biyu, a dawo a kashe, inji bai taɓa kai zafinsa ba. A haɗa aike-aiken a fita ɗaya.

Esi a tsananin zafi yana iya cin sama da kashi 25 cikin ɗari, musamman a gajerar tafiya. Ba zan ce wa kowa ya kashe esi a Kano a watan Afrilu ba. Yi fakin a inuwa, in ka shiga sauke gilasai iskar zafi ta fita kafin ka kunna. A babbar hanya kuma rufe gilas da esi ya fi buɗe su duka.

Gudu shi ne babba. Turjiyar iska a gudun 120 ta ninka ta gudun 80 sau biyu da kwata. Tsakanin 80 da 100 motocinmu suka fi tattali, mai ƙure maleji shi ya san abin da yake biya. Cikin gari kuma, fizgar mota daga danja zuwa danja ana cin birki, a ƙiyasin ma'aikatar nan ta Amurka, tana cin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari. Ka hango jan danja ko layin A Daidaita Sahu a tsaye, ɗaga ƙafa tun daga nesa.

Wata ɗabi'a da ta dawo tun tsadar mai ita ce sakin mota firi a gangara, wasu har da kashe inji. Motar injekta in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, birenbos yana yanke mai gaba ɗaya. In ka sa ta firi kuwa dole ya ba ta man silo. Kashe inji kuma yana ɗauke ƙarfin birki bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi tauri, ga fasinjoji a baya. Masu manuwal su gwada kuloci: a giya ta huɗu, a ƙaramin gudu, taka totur sosai. In inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa.

In za a gyara, a gyara abu ɗaya ko biyu, a cika tanki a sake awo, sannan a ci gaba. Wanda ya canza fulogi, nozul, famfon mai da sensa a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya ci kuɗinsa a banza ba. In an bi duk wannan awo bai motsa ba, ga shuɗin hayaƙi, ga ƙarin baƙin mai kowane mako, a sa gejin matsi a ramin fulogi a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya, inji da ɗumi, totur a buɗe. Bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A ɗiga ɗan baƙin mai a wadda ta yi ƙasa a sake gwadawa: in lambar ta hau, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Da wannan takardar a hannu za ku zauna da bakanikenka ku yi lissafin ko a buɗe injin ko a nemo na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje.